Darasi na 14: Numfasawa Tsakanin Aiki da Aiki

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Katsina zuwa Maraɗi ya san ba a wuce Magamar Jibiya a guje. Komai saurin direba, komai lafiyar motarsa, idan ya iso bakin iyaka sai ya taka birki. A duba takardu, a duba kaya, a leƙa fuskokin fasinjoji, sannan a ɗage shinge. Ya ɗan taɓa tafiya, ya sake tsayawa a Ɗan Isa, jami'an Nijar su yi nasu binciken. Daga nan kuɗin ciniki ya koma sefa, rubutun takarda ya koma Faransanci, Hausar baki ce kaɗai ba ta canza ba.

Ƙasa da ƙasa suna da iyaka, kuma kowa ya yarda a tsaya a kanta. Aiki da aiki ma suna da tasu, amma ita mukan tsallake ta a guje, sau ashirin ko talatin a yini, ba birki ba waiwaye. Wannan darasi a kan 'yar tsayawar nan yake: minti biyu, ko uku, ko biyar da mutum zai ba kansa bayan ya gama abu, kafin ya sa hannu a wani. Za mu ga abin da take yi wa jiki da hankali, da abin da ya raba zaman jira da hutu, da yadda mai ci da guminsa zai same ta ba tare da ciniki ya wuce shi ba.

Na zaɓi Jibiya ne domin gari ne da aiki ba ya zuwa ɗai-ɗai. Tana yamma da birnin Katsina, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, a kan hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Maraɗi. Daga Nijar ana shigo da dabbobi da wake da aya da dabino. Daga Nijeriya ana fita da masara da dawa da rake da siminti da kayan masana'antun Kano. Ranar Lahadi kasuwa ke ci, kuma a wannan rana ɗan dako da ɗan kamasho da ɗan acaɓa da mai shayi da mai sayar da abinci kowa kiransa ake yi ta fuska uku. Abin da za mu gani a nan, za ku same shi a Illela da Maigatari da Kamba, za ku same shi a kasuwar ƙauyenku, har a tsakar gidanku.

Ƙanzon aiki

Mu tsaya gaban wani ɗan canji a rumfarsa da hantsin Lahadi. Naira a aljihun dama, sefa a na hagu, waya a kan cinya. Wani dattijo Bakatsine ya miƙo masa ƙullin kuɗi ya ce, "Ɗana, jaka hamsin ce, riƙe mani sai na dawo daga kara." A bakin dattawan Nijeriya jaka naira 200 ce, tun zamanin da fam 100 ke cika jaka guda. Ke nan ajiyar Baba naira 10,000 ce. Bai gama ƙirgawa ba sai ga wata Hajiya daga Maraɗi: "Malam, jika hamsin zan canza, yi mani sauri, motarmu ta cika." A Nijar jika sefa 1,000 ce, wato 50,000 take nufi. Kuma mutanen Nijar da dala suke ƙirga ƙananan kuɗi: dala ɗaya sefa 5, dala ɗari sefa 500. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, maigidansa ne daga Kano yana faɗa masa farashi ya motsa.

Ku duba abin da ke cikin kan bawan Allah nan a minti guda: hamsin ɗin Baba, hamsin ɗin Hajiya, da sabon farashi. Yatsunsa suna kan kuɗin Hajiya, rabin hankalinsa yana kan ajiyar da bai gama ƙirgawa ba. A irin wannan lokaci ne takarda biyu ke mannewa su wuce a matsayin ɗaya, ko a yi lissafi da farashin safe. Da magariba a zauna rufe littafi, a ga giɓi, a kama yaron rumfa da faɗa, alhali yaro bai taɓa ko sisi ba.

Kowace mace ta san idan aka kwashe tuwo, akwai ƙanzo a gindin tukunya. Ba a ɗora miya a kansa. Sai an zuba ruwa, an bar shi ya jiƙa, an kankare. Hankalin mutum ma haka yake. Kowane aiki yana barin ƙanzonsa, musamman wanda aka katse ba a gama ba. Wata masaniyar halayyar ma'aikata a Amurka, Sophie Leroy, ta yi gwaji a kan wannan, ta wallafa sakamakonsa a 2009. Ta ga cewa mutanen da aka janye daga aiki suka koma wani, wani ɓangare na tunaninsu yakan maƙale a na farkon, kuma aikinsu na biyu yakan ragu a inganci. Hausawa sun riga sun faɗa a taƙaice: ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Yanzu mu sake kallon rumfar. Hajiya ta iso da saurinta, sai ɗan canji ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya, ga benci, bari in rufe lissafin Baba." Ya ƙarasa ƙirga, ya ɗaure da kyauro, ya rubuta "Baba mai shanu, 10,000" a littafi, ya sa a aljihu. Ya sauke kafaɗa, ya ja numfashi ya saki, ya ce Bismillahi, sannan ya ɗago ya dube ta: "To Hajiya, jika hamsin kika ce?" Duk wannan bai cika minti ɗaya ba, kuma motar da ta cika ba ta tashi ta bar ta ba. Ni a ganina, wannan minti ɗaya shi ne mafi riba a cinikinsa na yini.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Allah Ya halicci jikin mutum da shirin tsere wa haɗari. Idan ka taka maciji a duhu, kafin ka yi tunani wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙodojinka sun saki wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini, daga baya wani mai suna kotisol ya biyo shi. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Wannan rahama ce, domin da ita kake tsira. Idan haɗari ya wuce, komai yakan koma mazauninsa.

Matsalar ita ce jiki bai iya bambanta maciji da mai bin bashi ba. Gardama a kan kuɗin mota, tsawar maigida, takardar da ta ɓata ga layi a bayanka, duk shiri ɗaya jiki yake yi musu. Idan wannan ya wuce wani ya biyo baya ba tazara, jiki ba ya samun damar sauka, sai ya yini a ɗaure kamar gwauron jaki a turke. Alamunsa kun san su: ciwon kai da la'asar, wuya ya sage, mantuwa, saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, da kwanciya a gajiye amma ido ya ƙi rufuwa. Jiki magayi ne, mu ne ba ma saurarensa.

Ga gwajin da za ku yi yanzu a cikin aji. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasan babban yatsa, har ya ji bugun jini. Ku ja numfashi a hankali, sannan ku sake shi a hankali, ku ja sakin ya fi shaƙar tsawo. Mai lura zai ji bugun yana ɗan ƙaruwa wajen shaƙa, yana ɗan raguwa wajen saki. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki, ita ce birkin jiki, kuma dogon sakin numfashi yana taimaka mata ta kama. Kakanninmu ba su ga jijiyar ba, amma sun raɗa wa abin suna mai kyau: ajiyar zuciya.

Ido da hankali ma suna gajiya, ko da mutum yana zaune a inuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Ingila sun lura masu kallon na'urar hango jiragen abokan gaba suna barin alamu su wuce ba su gani ba. Wani masani mai suna Norman Mackworth ya ƙera wani irin agogo mai hannu ɗaya da ke tafiya taki-taki, jefi-jefi ya yi tsalle biyu a haɗe. Ya zaunar da mutane awa biyu su riƙa danna maɓalli duk lokacin da suka ga tsallen. A rahotonsa na 1948 ya nuna cewa bayan rabin awar farko kawai, lurarsu ta riga ta faɗi a fili. Waɗannan mutane ne lafiyayyu masu son yin aikin daidai. A 2011 wasu masana biyu a Jami'ar Illinois, Atsunori Ariga da Alejandro Lleras, suka ba mutane wani aikin kallo a kwamfuta na minti 50. Waɗanda suka yi shi a miƙe, ƙoƙarinsu ya yi ta raguwa. Waɗanda aka ɗan kawar da hankalinsu zuwa wani abu sau biyu a tsakiya, nasu bai ragu ba. Ku kawo wannan kan jami'in da ke duba takardar mota ta ɗari da hamsin, ko mai POS da ke danna lambar asusu goma-goma tun safe, ko tela da ke bin layin zare. Sifili ɗaya da ya ƙaru a kuskure ya isa ya raba abokan shekara ashirin.

Hutun jaki da kaya a ka

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu da muka shekara muna zaune, wane hutu kuma za a koya mana?" Tambaya ce mai nauyi, kuma mutumin Jibiya ya fi kowa haƙƙin yin ta. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe wasu a Disamba 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilu 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya, kaya suka lalace a cikinsu, 'yan dako suka yini a gindin bishiya ba wanda ya kira su.

Shin waɗannan mutane sun huta? Ku tambayi matansu. Mutum yana zaune daga safe har yamma, amma yana komawa gida a gajiye fiye da ranar da ya sauke tirela guda, domin ƙafa ce ta tsaya, zuciya tana ta ɗaukar buhu: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, bashin mai shago. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka. Haka direban da ke jiran a sa hannu a takardarsa, idonsa a ƙofar ofis, yana lissafin awannin da suka tafi. Jira ke nan. Hutu kuwa sai an sauke kayan, ko da na minti uku ne, kuma mutum da kansa yake saukewa.

A zamanin nan akwai wani kaya da muke ɗora wa kanmu da hannunmu. Da zarar an sami sarari, hannu ya tafi aljihu: WhatsApp, Facebook, TikTok. Ba na zagin waya, da ita ake ciniki, da ita ake jin lafiyar 'yan'uwa. Amma wanda ya gama ƙirga kuɗi ya buɗe waya ya ga hoton hari, ko gardamar siyasa, ko farashin da ya tashi, bai wanke tukunya ba, wani ƙanzon ya ƙara a kan na da. Idonsa bai huta ba, wuyansa yana nan a sunkuye, ransa kuma ya ƙara ɓaci. Minti ukun da muke magana a kai, waya a aljihu take yin su.

Abin da muka taras a gida

Kada wani ya ɗauka wannan ilimi daga Turai aka kawo shi. Manomi idan ya kai ƙarshen kunya yakan miƙe, ya dafa ƙugu, ya kankare ƙasar da ta manne a fartanya, ya dubi abin da ya noma, sannan ya juya ya kama wata. Ba wanda ya taɓa kiransa rago saboda haka. Mata masu surfe sukan jingine taɓarya su bakace, hannu ya sarara kafin a koma turmi. Fataken da suka bi hanyoyin nan da jakuna da raƙuma tun kafin a shata iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, madugunsu ya san inda kowane zango yake tun kafin a ɗaura kaya, kuma madugun da ya tsallake zango don sauri, dabbobinsa ne ke biya. Shi ya sa aka ce sauri ya haifi nawa.

Ga Musulmi kuwa, an riga an yanka masa yini gida biyar. Ka bar rumfa, ka zuba ruwa a fuska da hannuwa da ƙafafu, ka tsaya, ka sunkuya, ka sa goshi a ƙasa. Wanda ya karanta Ahlari a makarantar zaure ya san ɗuma'nina, wato gaɓoɓi su natsu a kowane rukuni kafin a wuce zuwa na gaba, tana cikin farillan salla. Sunan tarawihi ma daga hutawa aka samo shi, saboda ɗan zaman da magabata ke yi bayan kowace raka'a huɗu. Ƙailula da rana sunna ce sananniya. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci wanda fushi ya kama yana tsaye da ya zauna. Don Allah ake salla, ba don motsa jiki ba. Amma abin baƙin ciki ne a ga mutum ya bar wannan ni'ima ta wuce shi, ya yi alwala yana amsa waya, ya yi sujada kamar kaza na cin tsaba, ya sallame yana neman takalmi da ƙafa. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin wannan aji su ma suna da lokutan addu'arsu, kuma maganar ɗaya ce: a ba wa tsayawar haƙƙinta.

Yadda ake yi

Farko a sauke. Idan aikin ya ƙare, ka ce wa kanka ya ƙare: rufe littafi, ɗaure buhu, mayar da almakashi mazauninsa. Idan bai ƙare ba aka kira ka wani, a nan ne karatun da kuke koya zai biya ku. Ɗauki biro ka rubuta layi ɗaya: "Na tsaya a buhu na 37." "Saura canjin mai albasa, 1,500." "In tambayi direba takardar awo." Sophie Leroy da abokiyar aikinta Theresa Glomb sun nuna a 2018 cewa mutanen da suka ɗauki ɗan lokaci suka rubuta inda suka tsaya da yadda za su ci gaba, hankalinsu ya fi sakin aikin farko, kuma sun fi yin na biyun da kyau. Takarda ta riƙe maka kayan, kai ya zama fanko. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗan kasuwa ya koyi rubutu.

Sannan a numfasa. Shaƙa ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, saki a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida, sau biyar ko shida. Idan aikinka na zama ne, tashi ka yi miƙa, ka taka zuwa randa ka dawo, ka kai idonka nesa, kan wata bishiya ko ƙarshen hanya. Idan na tsaye ne ko na ɗauka, nemi inuwa ka zauna, ka ajiye gammo, ka kurɓi ruwa. Wato jiki ya yi kishiyar abin da ya daɗe yana yi. Bayan haka ka faɗa wa kanka abu ɗaya da za ka yi yanzu, ɗaya tak, ka kama shi.

Ke kuma uwargida, wannan darasi naki ne fiye da kowa, domin aikinki ba shi da ƙararrawar tashi. Daga shara sai wanke-wanke, daga wanke-wanke sai ɗora tukunya, ga goyo a baya, ga kwanon ƙosai da za a fitar kafin 'yan makaranta su wuce. Idan kin sauke tukunya, kafin ki jawo bahon wanki, ki zauna a kan kujera ki miƙe ƙafa, ki sha ruwa, ki yi numfashin nan shida. Sau da yawa marin da yaro ke sha da rana ba laifinsa ne ya jawo shi ba, gajiyar da aka tara tun asuba ce ta sami inda za ta sauka.

Inda minti uku ba ya isa

Ba zan yaudare ku ba, ɗan hutu ba maganin komai ba ne. A 2022 wasu masana a ƙasar Romaniya suka tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi a kan hutun da bai wuce minti 10 ba. Sun ga yana rage gajiya, yana ƙara kuzari; amma idan aikin mai cin ƙwaƙwalwa ne sosai, ana bukatar hutun da ya fi haka tsawo kafin aikin kansa ya inganta. Barci kuwa ba shi da magani sai barci.

Direbobi, ku saurara da kyau. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan ido ya rufe na daƙiƙa huɗu, ta yi mita 100, tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari. Gyangyaɗin da ke kashe mutane bai fi haka ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi ba tare da ya huta minti 45 ba, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta lokacin. Mu a nan goro ake ƙarawa, ko gadagi, wasu har su kai ga tiramadol. Waɗannan rufe bakin jiki suke yi kada ya yi kuka, gajiyar tana nan inda take. Idan ka fara hamma a jere, ko ka wuce wani gari ba ka tuna ka ratsa shi ba, nemi wuri mai jama'a da tsaro ka tsaya, ka kwantar da kujera minti 20. Gara fasinja ya yi maka ƙorafi da a yi wa iyalansa gaisuwa.

'Yan dako kuma, abokin gabarku zafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina da Maraɗi yakan haura digiri 40. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka tana ba masu aikin ƙarfi a zafi shawarar shan kofin ruwa ɗaya duk minti 15 zuwa 20, tun kafin ƙishi ya zo, tare da hutu a inuwa. Fitsarin da ya yi ja ya kuma ƙaranta alama ce ruwan jiki ya yi ƙasa, kuma yawan hakan yana wahalar da ƙoda. Idan ɗan'uwanku ya fara jiri ko amai, ko maganarsa ta rikice, ku kai shi inuwa, ku jiƙa jikinsa da ruwa, ku yi masa fifita, ku garzaya da shi asibiti. Da azumi kuwa, a tura nauyin aiki zuwa sanyin safiya, a yawaita zama a inuwa.

Akwai kuma damuwar da ta fi ƙarfin numfashi shida. Ƙasar Jibiya ta sha wuyar 'yan bindiga, akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu da dare, akwai waɗanda suka rasa nasu. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko gabansa ke faɗuwa ba dalili, ko abinci ya fita ransa, ya je asibiti ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, ya kuma nemi a auna masa hawan jini. Wannan ba raunin imani ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana maganinsa.

Magana ga iyayen gida

Yaron shago ba zai iya tsayawa ba idan maigida yana ganin zama laifi ne. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 13, ta ce ma'aikacin da ke aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutu a tsakani, wanda jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Na san yawancin masu aiki a tasha da kasuwa ba su da takardar ɗaukar aiki, ba kuma wanda zai zo ya duba. Saboda haka maganar ta koma tsakanin mutum da Ubangijinsa, da kuma tsakaninsa da aljihunsa. Mu yi lissafi: hutun minti 3 sau 10 a yini minti 30 ne. Yinin aiki na awa 10 minti 600 ne. Ke nan kashi ɗaya cikin ashirin. Alhaji, ka auna wannan da buhun sukari ɗaya da ya fashe saboda hannun yaro ya saki, ko kuɗin da aka tura asusun da ba shi ba. Zafin nema ba ya kawo samu. Kuma ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Jibiya zai bi. Idan ya fara aiki hada-hada ƙaruwa za ta yi, kuma yaran da kuke horarwa yau su za su riƙe ta. Ku ce musu, "Zauna ka sha ruwa, sannan ka ɗauko na gaba." Ku ma su gan ku kuna yi.

Aikin aji da na gida

Ku zauna bibbiyu, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa wani kuskure da ya taɓa yi saboda ya tsallaka daga aiki zuwa aiki a guje, da abin da kuskuren ya ci masa. Sannan kowa ya amsa a littafinsa, da jimla ɗaya ko biyu: mene ne ƙanzon aiki, kuma me ya raba jira da hutu? Masu son lissafi su gwada wannan: motar da ke cin mita 25 a daƙiƙa, mita nawa za ta ci idan direba ya rufe ido na daƙiƙa shida?

A gida kuma, kowa ya zaɓi iyaka uku a cikin yininsa, wurare uku da wani aiki ke ƙarewa wani ya fara, ya rubuta su a shafi guda. Daga gobe har kwana bakwai, duk lokacin da kuka tsaya a ɗaya daga cikinsu kuka sauke kuka numfasa, ku ja ɗan layi a gabanta. Ranar da kuka manta ku bar wurin fanko, kada ku cike don kunyar malami. A ƙasan shafin ku rubuta yadda barcinku ya kasance, da ko an sami giɓi a lissafi. Ku zo da littafin ranar darasi na gaba, da shi za mu fara.